Matasan masu bincike: a ba su jari, a ba su jagora



Tun 2010 Maraɗi, Damagaram da Tawa kowace ta samu jami'arta, kuma mun yi murna. To amma yaronmu da ya gama doktora a fannin lafiya ya dawo gida, sai a ɗora mishi darussa safe da yamma, aji cike maƙil. Yaushe zai shiga labo? Da wane kuɗi zai sayi kayan gwaji, ko firigon da ba ya tsayawa in kuran ya ɗauke?

Mu tuna da sanƙarau. A 2010 Nijar, Mali da Burkina Faso suka fara rigakafin MenAfriVac, nau'in A ya kusan ɓacewa. Sai ga nau'in C ya ɓarke mana a 2015. Wa ke gano wane nau'i ne ke yawo? Ma'aikatan labo, irin na CERMES a Yamai. Su ma wani ya koya masu, wani ya biya.

Roƙonmu guda ukku ne. A ba sabon malami ɗan kuɗin bincike na shekara biyu ko ukku. A rage mishi awowin koyarwa. A haɗa shi da babban malami mai duba aikinshi, mai tsawata mishi in ya kauce.

Gwamnati da alhazan kasuwa, da ruwan ciki ake jan na rijiya. In mun yi sakaci, Faransa da Kanada za su kwashe yaran nan, mu koma jiran sakamakon gwajinmu daga waje.

Ku mi kuka gani? Muna sauraren ku.