Rufe Iyaka da Tsadar Abinci

Ran 7 ga watan Yuli, 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Yamai bisa yarjejeniyar ciniki ta ƙasashen Afirka, wadda aka shirya don kaya su riƙa wucewa daga ƙasa zuwa ƙasa ba tare da wahala ba. Ba a cika wata biyu ba, cikin Agusta, sai Gwamnati ta rufe iyakokin Nijeriya na tudu. Babban dalilin da aka bayar shi ne shinkafa, watau ana sauke ta Tailan da ta Indiya a Kwatano, a shigo da ita ta ɓarauniyar hanya, manominmu ya rasa mai saye. Ba mu musun kyawun niyyar, amma ya kamata mu duba abin da ta haifar.

A watan da aka rufe, lissafin Gwamnati ya nuna kuɗin abinci ya hau da wajen kashi 13 cikin 100 a shekara. Cikin Disamba, 2020, sa'ad da aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfun, hawan ya kusa kashi 20. Lalle annobar korona ta sa hannu a ciki, amma tsadar shinkafa ta riga annobar zuwa. Wanda ya ɗauki nauyin kuwa shi ne mai albashi, malamin makaranta da akawu, wanda kuɗinsa na wata ba su san an rufe iyaka ba, da talakan da ke awon kwano ɗaya da yamma.

Shinkafar waje fa ba ta daina shigowa ba. Tsakaninmu da Nijar akwai iyaka ta wajen kilomita 1,500, wadda Turawan Ingila da na Faransa suka shata a tsakiyar dangi. Mutumin Maraɗi da na Katsina kaka ɗaya gare su. Wa zai tsare kowane labi da kowace burtali a wannan sarari? Sai fatauci ya bar babbar hanya ya koma kan babura da jakuna da dare. Ɗan fasa-ƙwauri ya sa ladan kasadarsa a kan buhu, abin da aka miƙa a kowane shinge shi ma ya hau kan buhu, mai saye ya biya duka. Kuɗin fito da ya kamata ya shiga baitulmali sai ya bi aljihuna. Ɗan kasuwa mai gaskiya, wanda ke ɗaukar kaya daga Dawanau zuwa ƙetare, ko ya kawo wake da dabbobi daga Nijar, shi ne motarsa ta tsaya. Har wa yau, cikin Nuwamba, 2019, aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, aka haɗa garuruwa ɗungum cikin horon 'yan kaɗan.

Dattawa za su tuna ba yau aka fara ba. A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, ita ke yanke farashi, manomi kuwa ba shi da inda zai kai sai ga wakilanta. Shekara da shekaru ana biyansa ƙasa da abin da gyaɗarsa ke yi a kasuwar duniya, rarar ta tafi ga hukuma. Mutane na sha'awar hoton dalar gyaɗa ta Kano, ba su cika tambayar nawa mai noman ya koma da shi gida ba. Sai a 1986 aka rushe waɗannan hukumomi. Jiya an matse manomi, yau an matse mai ci, amma tunanin ɗaya ne, wai mutumin ofis ya fi masu saye da sayarwa sanin abin da ya kamata mudu ya yi.

Gwamnati da kanta ta ba mu shaida. Cikin Yuli, 2024, da hawan kuɗin abinci ya wuce kashi 40 cikin 100, sai Gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta ba da sanarwar janye kuɗin fito na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. In buɗe ƙofa shi ne magani ran yunwa, to, an yarda ke nan rufe ta yana cikin cutar.

Abin da manomin Zamfara da na Katsina ke bukata a wurin Gwamnati sananne ne: ya je gonarsa ya komo lafiya, ya sami ruwan rani daga madatsai irin su Bakolori, da hanyar da mota za ta kai ƙauyensu da damina. Wanda ya sami waɗannan ba ya tsoron shinkafar da ta ƙetaro teku. Game da iyaka kuwa, roƙonmu ga 'yan Majalisa shi ne a yanke kuɗin fito mai sauƙi a doka, wanda ba za a sake shi da sanarwar dare ɗaya ba, a manna shi a ƙofar kwastan ta Illela da Jibiya da Maigatari, ɗan kasuwa ya biya a ba shi rasiɗi ya wuce.