Dawowa Da Shiri Ta Fi Dawowa Da Kora

Ya ku 'yan'uwana talakawa da 'yan kasuwa, yau ina so mu duba wata magana wadda ta ke cin zukatan gidaje da yawa a ƙasar Kabi, amma ba a jin ta a bakin masu mulki. Maganar kuwa ita ce ta 'yan'uwanmu waɗanda suka kwashi iyalinsu suka tafi ƙasashen waje neman abinci, yanzu ga shi sun tsaya suna tambaya, shin su dawo gida ko su zauna inda su ke?

Abin da ya tayar mini da zancen shi ne saƙon da wani ɗan ƙanen mahaifina ya aiko mini ta waya. Haifaffen nan Nasarawa ne ta Birnin Kebbi. Ya fara bin motocin albasa daga Aliero zuwa Gana, da ya ga kasuwa ta karɓe shi sai ya zo ya ɗauki matarsa, mutuniyar Argungu, suka tare a zangon Kumasi. Yau shekararsu 19 a can, da 'ya'ya 5. Ga abin da ya ce:

"Yaya, ka ba ni shawara tsakaninka da Allah. Uwar yaran nan ta ce ta gaji da baƙunci, tana so ta koma kusa da tsohuwarta tun tana da rai. Yaran kuwa sun ce su ba su san kowa a can ba, ga shi Tonanci ya fi Hausa zama a bakinsu. Rumfar da na ke ciki da sunan wani ɗan ƙasa ta ke. In na zauna ban san gobe ba, in na dawo ban san abin da zan tarar ba."

Na ga ya kamata in ba shi amsa a cikin wannan jarida, domin tambayar ba tasa ce shi kaɗai ba.

TAFIYA BA LAIFI BA CE

Da farko, ni ba na cikin masu zagin wanda ya bar gida. Tafiya Gwanja ba yau aka fara ta ba. Kakanninmu fatake sun bi ta Jega da Illo, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu har Salaga, da jakai ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Waɗansu sun komo, waɗansu sun zauna, kowa kuwa ya yi albarka. Alhaji Umaru na Salaga, babban malamin nan da aka haifa a Kano, asalin gidansu Kabawa ne. Bayan yaƙin Salaga na 1892 ya koma Kete Karaci, ya yi ta karantarwa har ya rasu can a 1934, bai komo ba, ba kuwa wanda ya ce ya ɓata. Alhaji Alhassan Ɗantata kuma ya yi fataucin goro a Kumasi da Ankara, watau babban birnin Gana, sa'an nan ya komo Kano da jarinsa ya shiga sayen gyaɗa, ya rasu a 1955 ana ce da shi ba mai dukiya kamarsa a Afirka ta Yamma. Har ila yau Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda aka naɗa Babban Limamin Gana a 1993, ɗan zango ne mai jin Hausa.

Saboda haka zama waje ba abin kunya ba ne, komowa kuma ba gazawa ba ce. Abin dubawa shi ne, wa zai yanke ranar komowar, kai ko mai korarka?

BAƘO RAƁA NE

Ku tambayi tsofaffin kasuwa, akwai masu tunawa. Ran 18 ga Nuwamba, 1969, Gwamnatin Dokta Busia ta Gana ta ba da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya fita cikin kwana 14. Kwana 14, jama'a, ga mutumin da ya yi shekara 30 yana gini! Mutane suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, waɗansu ko mai saye ba su samu ba, suka hau manyan motoci da mata da yara. A cikinsu akwai waɗanda aka haifa can, ba su taɓa ganin garin da a ke ce musu naku ne ba.

Kada kuwa mu ɗauka mugunta ce ta mutanen Gana su kaɗai. A watan Janairu na 1983 Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta yi irin wannan kora, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka fita daga Nijeriya. Jakar nan mai layi-layi da mu ke sayarwa a kasuwa, Gana-mas-go, daga wannan kora ta samo sunanta. Sababin kuwa guda ne a ko'ina. A Gana kuɗin koko ne suka ja baya, aiki ya yi wuya. A nan kuɗin man fetur ne suka faɗi. Duk sa'ad da masu mulki suka kasa ci da jama'a, sai su nuna musu baƙo su ce ga wanda ya cinye rabonku, domin baƙo ba shi da ƙuri'a, ba shi da mai tsaya masa.

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne, yanzu akwai yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 wadda ta ba da damar shige da fice. To, ta ba da damar shiga, amma ba ta hana Gana yin doka a 2013 wadda ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a rumfunan kasuwa ga 'yan ƙasa ba, ta kuma ce baƙon da zai yi ciniki sai ya zo da jarin dala miliyan ɗaya. Wane mai albasa ke da dala miliyan ɗaya? Da wannan doka aka kafa hujja aka rufe kantunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Ankara a 2019 da 2020.

In kuna ganin daɗewa tana wanke baƙunci, ku dubi gabas. Mutanenmu sun yi hijira zuwa Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi, suka noma ƙasar, suka zama 'yan ƙasa. Duk da haka a watan Yuli na 2022, da rikici ya tashi a kan ƙasa da sarauta a wannan yanki, sai da aka ce musu baƙi, aka kashe mutum fiye da 100. Shekara ɗari da 'yan kai ke nan.

GIDAN KUMA FA?

To, sai mu ce kowa ya ɗauro kaya ya taho? Nan ne inda mu ka rabu da masu mulki. Su suna iya hawa dandali su ce 'yan ƙasa na gari su dawo a gina ƙasa, alhali kuwa 'ya'yansu suna karatu a Ingila, gidajensu suna Dubai, in ciwo ya kama su jirgin sama ne asibitinsu. Mu ba za mu ruɗi ɗan'uwanmu ba, za mu faɗa masa abin da zai tarar.

Zai tarar da fadamar Rima wadda Allah ya yi wa albarka, shinkafa rani da damina. A nan Birnin Kebbi Shugaba Buhari ya buɗe shirin ba manoma rance a watan Nuwamba na 2015, aka yi kiɗa, manyan injunan casa suka tashi. Amma ku tambayi mai 'yar gona abin da ya rage a hannunsa. Ambaliyar 2020 ta share gonakin shinkafa a jihar nan. Ran 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a 2024, injin ban ruwa kuwa fetur ya ke sha. A 2024 ɗin aka ɗage kuɗin fito a kan waɗansu kayan abinci na waje har da shinkafa, a 2025 farashin shanshera ya faɗi, na taki bai bi shi ba.

Ɗan kasuwa kuma ya san tasa. An rufe iyaka daga Agusta 2019 har Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar daga Agusta 2023 har Maris 2024. Mutanen Kamba su faɗa muku kaya nawa suka ruɓe a mota. Ga kuma babbar masifa, rashin tsaro. An kwashe 'yan makaranta a Birnin Yauri a watan Yuni na 2021, Lakurawa sun kashe mutum 15 a Mera ta ƙasar Augie a watan Nuwamba na 2024. Uban da ya ke jin wannan daga Kumasi, da wace zuciya zai ce wa 'ya'yansa ku tashi mu tafi gida?

Abin takaici, kuɗinsu a na so, muryarsu ba a so. A 2023 'yan Nijeriya mazauna waje sun aiko da wajen dala biliyan 20, amma a zaɓen shekarar ba wanda aka bari ya jefa ƙuri'a daga inda ya ke. In kuma an yi taron mazauna waje, likitocin Amurka da Ingila a ke kira. Mai albasa na Kumasi da masuncin Kabi da ya bi kogi har Mali ba a san da su ba.

SHAWARATA

Ƙanena, da duk mai irin halinka, ga abin da na gani. Kada ka dawo don daɗin bakin kowa, kada kuma ka zauna kamar wanda aka ba tabbas. Ka gyara wurin zamanka a gida tun ba a kore ka ba.

Na ɗaya, takarda. Haihuwa a Gana ita kaɗai ba ta mai da yaro ɗan Gana, sai in uwa ko uba ko ɗaya daga kakanni ɗan ƙasar ne. Amma tsarin mulkinmu na 1999 ya ce wanda aka haifa waje, in uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan Nijeriya ne. Ka kai yaranka ofishin jakadanci a yi musu takardun ƙasarsu, kada a wayi gari ba su da can ba su da nan.

Na biyu, gona da fili. Ka zo da ƙafarka a raba gādon nan, a nuna maka iyakarka gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta. Maganar baka tana mutuwa tare da dattawan da suka ji ta.

Na uku, kada ka rushe can kafin ka gina nan. Ka zo ka yi rani ɗaya, ka juya rabin jarinka a kasuwar Birnin Kebbi ko Jega ko Argungu, ka gani da idonka. Hanyar Kumasi da ka sani ita ma jari ce, kana iya zama nan ka riƙa loda kaya zuwa can.

Na huɗu, ka yi shawara da mai ɗakinka da gaske, domin ita ta fi ka ɗanɗana baƙunci; kai kana kasuwa cikin abokai, ita tana ɗaki ɗaya na haya ba uwa ba ƙanwa. Ka bar ta ta zo ta ga tsohuwarta bana, wannan ba ya jiran jari. Yaran da suka yi nisa a karatu a bar su su gama, tun da hukuma guda ce ke shirya jarrabawar sakandare a Gana da Nijeriya. Ƙananan kuwa su riƙa zuwa hutu su san dangi, Hausa ta zauna a bakinsu.

Mu kuma na gida muna da namu laifi. Mun mai da karin maganar nan, kowa ya bar gida gida ya bar shi, ta zama lasin cin gonar wanda ba ya nan. Mutum ya aiko da kuɗin gini shekara biyar, ya zo ya tarar ko tubali ba a aza ba. Wanda ya ci amanar ɗan'uwansa da wane baki zai zagi azzalumin shugaba?

ABIN DA MU KE NEMA

Ga Gwamnati kuwa, muna neman abu huɗu. A ba mazauna waje damar jefa ƙuri'a. A sauƙaƙa wa talaka samun takardar fili, tun da dokar 1978 ta sa ƙasa a hannun Gwamna, kada ta zama hanyar raba fadama ga manya. A riƙa raba rumfunan kasuwa a fili ga masu ciniki na gaskiya, ba ga 'yan siyasa masu ba da haya ba. A tsare ƙauyuka da makarantu, a kuma daina rufe iyaka ba tare da an ji ta bakin 'yan kasuwa ba.

Ba za a ba mu waɗannan don roƙo ba, sai mun haɗa kai mun riƙe ƙuri'armu. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, 'yan'uwanmu za su dawo ko ba daɗe ko ba jima. Aikinsu su dawo da shiri, aikinmu kuma su tarar da gida.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, ya fid da talaka daga hannun azzalumai, amin.

Naku,
Ɗan Kasuwa,
Nasarawa, Birnin Kebbi.