A Bincika Kafin a Ɗaga Bulala

Babu malamin firamare a Daddara da bai san irin yaron nan ba. Ana tsakiyar darasi zai miƙe, ya fizge fensirin na kusa da shi, ya amsa tambaya tun ba a gama yin ta ba. Mun kira shi mai ƙiriniya, mun kira shi kangararre. Mun sa shi kamun kunne, mun aika an kira mahaifinsa, shi ma ya ƙara masa da tasa bulalar a gida. Washegari ya dawo yadda yake.

Wasu daga cikin irin waɗannan yara suna fama ne da abin da likitoci ke kira ADHD, wato larurar ƙarancin natsuwa da yawan kazar-kazar. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna tana shafar kimanin yara 5 cikin 100. Ke nan a ajin da aka cusa yara 80, ba abin mamaki ba ne a sami huɗu. Amma sanin sunan yana da nasa haɗarin, domin wanda ya ji shi jiya a rediyo yana iya liƙa wa kowane yaro mai rawar kai. Shi ya sa muke ganin ya wajaba iyaye da malamai su san yadda bincike na ƙwarai yake.

Ka'idar da likitoci ke bi a fili take. Dole alamomin su kai wata shida, su kasance sun fara kafin yaro ya cika shekara 12, su bayyana aƙalla a wuri biyu, kamar gida da makaranta ko Islamiyya, kuma su riƙa cutar da karatunsa ko zamansa da mutane. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da ita. Mai bincike na ƙwarai zai zauna da uwa ya ji tarihin yaron tun daga ciki da haihuwa, ya kuma nemi bayanin malamin aji a rubuce. Wanda ya dubi yaro minti biyar ya rubuta magani bai yi bincike ba. Mai shagon kemis kuwa ba hurumi ne nasa ba, musamman da yake magani irin su Ritalin sai da takardar likita da sa idonsa.

Alama ta biyu ita ce ya fara kawar da abubuwan da ke kama da larurar, kuma a nan ne halin yankinmu ya shigo. Yaron da ya kwana a farke saboda ƙarar bindiga, ko wanda iyayensa suka gudo da shi daga ƙauye da tsakar dare, ba zai natsu a aji ba. Firgici ne ke cin sa. Haka wanda ya fito da yunwa, da mai ƙarancin jini, da wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Akwai wata farfaɗiya da ba ta kayarwa, sai dai yaro ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi kamar ba ya nan. Akwai gubar dalma, wadda ta kashe yara fiye da 400 a maƙwabciyarmu Zamfara a 2010, ta bar wasu da raunin fahimta. Mun taɓa shafe zango biyu muna hukunta wani yaro ɗan aji uku kan rashin saurare, daga baya aka gano ciwon kunne ne ya rage masa ji. Har yau idan muka tuna sai kunya ta kama mu.

Hanya tana farawa daga asibitin da ke kusa, a duba ido da kunne da jini. Daga nan a nemi takardar turawa zuwa likitan yara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi haƙƙin samun kulawa cikin mutunci.

Wani zai ce makarantar da ba ta da benci ina ita ina wannan magana. Amsarmu ita ce rabin aikin ba ya cin ko sisi. Malami ya ware shafi ɗaya, ya riƙa rubuta abin da yaron ya yi da lokacin da ya yi shi har sati huɗu, ya dawo da shi sahun gaba, ya gutsuttsura masa aiki, ya yaba masa nan take idan ya yi daidai. Wannan shafin uba zai riƙe ya kai wa likita.

Muna roƙon shugabannin reshenmu su gayyato ma'aikacin lafiya a taro na gaba, su kuma nemi hukumar SUBEB ta sa wannan batu cikin bitar malamai. Mu ne muke wuni da yaran nan, kuma mu za a tambaya a kansu. Allah Ya ba mu ikon sauke amana.