Rana tamu ce, wutar fa?

Ƴan uwa, ba mu manta Agustan 2023 ba, da Najeriya ta yanke mana wuta. Tun lokacin nake ganin faifan sola na ƙaruwa bisa rufin shaguna a Madawa, Buza da Keita. Amma da tsakar rana, in batura sun cika, sauran wutar asara ce, alhali maƙwabci yana cikin zafi ba ko fanka.

Shawarata: NIGELEC ta sa mita mai ƙirga shiga da fita, ta sayi rarar nan ta zuba a layi, kamar wutar tashar Malbaza mai megawat 7 tun 2018. Wanda ya bayar da rana, a rage masa kuɗin dare. Wutar da muka haɗa da kanmu, wa zai yanke ta daga waje?