Tuban Muzuru A Littattafan Soyayya

Akwai wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu karatun littattafan soyayya, tun daga ɗaliban makarantun sakandare na Gaya da Ajingi har zuwa ma'aikatan ƙananan hukumomin nan biyu, wato ko ya dace marubuci ya shiryar da mugun cikin labarinsa a babin ƙarshe a yafe masa, ko kuwa ya bar shi ya girbi abin da ya shuka. Mai jin zancen daga nesa zai ɗauka hirar marasa aikin yi ce. Amma fa yawancin littattafan nan a kan gidan mata biyu ko uku ko huɗu ake gina su, mugun da ake magana a kansa kuwa miji ne ko kishiya, irin waɗanda mai karatu yake gani kullum a unguwarsu, wani ma a cikin gidansu. Saboda haka hukuncin da marubuci ya yanke a takarda yana bin mai karatu har ɗaki.

Tun daga shekarar 1980, lokacin da aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, har zuwa bunƙasar adabin kasuwar Kano a shekarun da suka biyo baya, sha'anin aure shi ne ginshiƙin wannan rubutu. Yau littattafan sun koma cikin wayar hannu, ana kuma karanta su a gidajen rediyo, ta yadda matar da ke ƙauyen Ajingi, ko da ba ta taɓa zuwa kasuwar littattafai a birni ba, tana jin labarin tana tsinkar zogale. Mutanen Japan ma suna da irin nasu ƙananan littattafan, inda 'yan mata da yawa kan kewaye saurayi guda, kuma masu karatunsu kan yi gardama a kan makomar mugu. Sai dai dokar ƙasarsu ta hana auren mace fiye da ɗaya, don haka abin a wurinsu nishaɗi ne kawai. A ƙasar Hausa kuwa zaman kishi rayuwa ce ta yau da gobe.

Babu littafin da ya fito da wannan matsala fili kamar Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Aliyu Kamal kuma ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a ƙasar Indiya a 2012. A cikinsa, Alhaji Abdu ɗan kasuwa ya auro Delu, ya wulaƙanta uwargidansa Rabi mai 'ya'ya tara, ya sake ta. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe 'ya'yanta, 'yarta Saudatu ta yi aure gidan wadata. Shi kuwa Alhaji Abdu gobara ta cinye dukiyarsa, zamansa da Delu ya watse, ya dawo yana neman a rufa masa asiri. Daga ƙarshe aka matsa wa Rabi lamba ta koma gidansa, ba don ranta ya so ba.

A nan ne masu karatu suka rabu biyu. Kashi na farko suna cewa ƙofar tuba a buɗe take, kuma littafin da ya rufe ta yana koya wa matasa riƙo da ramuwa. Suna ƙarawa da cewa komawar uwa gidan uban 'ya'yanta rufin asirin zuriya ne. Kashi na biyu kuwa suna cewa Alhaji Abdu bai tuna da Rabi ba sai da aljihunsa ya bushe, kuma mayar da ita gidansa tamkar gaya wa kowane azzalumin miji ne cewa ya yi abin da ya ga dama, in ta ɓaci uwargida tana nan tana jira.

Kowane ɓangare yana da abin kamawa, amma duka biyun sun haɗa abubuwa uku da ya kamata a rarrabe: tuban mai laifi, da yafewar wanda aka zalunta, da kuma komawa zaman da aka yi a da. Malamai sun bayyana sharuɗɗan tuba, wato nadama, da barin laifin, da ƙudurin rashin komawa gare shi, sannan idan laifin ya shafi ɗan Adam, a mayar masa da haƙƙinsa ko a nemi afuwarsa. Ko a ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sai da 'yan'uwansa suka amsa laifinsu da bakinsu. Mugun da ya zo yana kuka don wuta ta cinye masa rumfa, asarar rumfar yake yi wa kuka, kuma Hausawa sun daɗe da raɗa wa irin wannan suna tuban muzuru.

Amsar muhawarar ke nan. Marubuci yana da damar shiryar da mugunsa, har ma ya fi kyau ya yi hakan a wasu lokuta, domin labarin da ya nuna mutum ba ya sauyawa ya yanke wa mai karatu ƙauna. Amma lalle ne shiriyar ta zo da tsadarta. A ga mijin ya biya ciyarwar 'ya'yan da ya yi watsi da su, ya wanke sunan matar da ya ɓata a gaban mutanen da ya ɓata ta, ya kuma yi haka alhali yana da sauran ƙarfi da dukiya. Bayan wannan, matar tana iya yafe masa tsakaninta da Allah, ta kuma ƙi komawa, ba tare da labarin ya mayar da ita mai taurin zuciya ba. Shari'a ma ba ta tilasta wa bazawarar da ta gama idda ta koma gidan tsohon mijinta, sai da yardarta da sabon ɗaurin aure da sabon sadaki.

Adalci ne a faɗi cewa Hajiya Balaraba ba ta yi wa komawar Rabi ado ba. Ta nuna yadda ake tilasta wa mace haƙuri, ta bar mai karatu da ɗacin abin a bakinsa, kuma wannan ɗaci shi ne darajar littafin. Illar tana ga labaran da suka ɗauki irin wannan ƙarshe suka mayar da shi biki, inda shafi biyu na hawaye kan shafe shafi ɗari biyu na zalunci.

Akwai kuma wani rashin daidaito da ya kamata ɗalibai su lura da shi. A labarai da dama, muguwar kishiya takan ƙare da hauka ko ciwo ko tonon asiri a gidan boka, kamar yadda mowa da 'yarta kan ƙare da kunya a tatsuniya. Mijin da ya ba ta wuƙa da nama kuwa sai a ce asiri aka yi masa, da an karya asirin shi ke nan ya fita fes. Wannan uzuri na sammu ya zama ƙofar da ake fitar da namiji daga laifi, a bar mace ita kaɗai a ciki. Alhali kuwa a gidan da babu adalci wajen kwana da cefane da tufafi, maigida ne ya fara haƙa ramin da kishiyoyi ke tura juna. Laifi tudu ne, kuma marubucin da ya taka na miji ya hango na kishiya bai yi wa kowa gaskiya ba. In ana buɗe wa mugu ƙofar tuba, a buɗe wa muguwa ita ma, bisa sharaɗi ɗaya.

Maganar ba ƙarama ba ce a jihar da yawan mutuwar aure ya sa gwamnati ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hukumar Hisba a 2012, inda kuma Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya yi kira a 2017 da a kafa dokar iyali da za ta hana wanda ba shi da hali ƙara aure. Yarinyar da ke aji shida a Gaya yau, gobe ita ce amarya ko uwargida. Saurayin da ke karɓar albashinsa na farko a Ajingi, shi ne maigidan jibi. Abin da suka karanta yana cikin abin da zai gaya musu iyakar haƙuri da kuma farashin zalunci.

Saboda haka ya kamata malaman Hausa a makarantun yankin su riƙa jawo wannan muhawara cikin aji, su sa ɗalibai su auna ƙarshen kowane labari da tambayoyi uku: me mugun ya mayar, yaushe ya tuba, kuma an nemi ra'ayin wanda aka zalunta? Marubuta kuwa su sani cewa afuwa haƙƙin wanda aka cuta ce, ko a gida ko a littafi, kuma bai kamata alƙalami ya karɓe ta daga hannunsa ya miƙa wa azzalumi kyauta ba.