Sharhi: Igiyar Magini a Hannun Ubangiji

Sharhinmu na yau a kan Annabi Amos ne, makiyayi mai kula da itatuwan ɓaure a Tekowa, kudu da Urushalima. Wajen shekara 760 kafin haihuwar Almasihu, zamanin Sarki Yerobowam na biyu, Allah ya raba shi da garkensa, ya aike shi arewa, ƙasar Isra'ila. A lokacin arziki ya zauna musu. Masu hali suna kwana a gadajen hauren giwa, wurin sujada na Betel kuma maƙil yake da masu miƙa hadaya.

A sura ta 7 ta littafinsa, Amos ya ga fara ta sauka a gonaki daidai lokacin da sabon tsiro ke fitowa, bayan an yanke rabon sarki. Duk manomin da ya taɓa ganin fara ta rufe sama ya san irin wannan faɗuwar gaba. Amos ya roƙa, Allah ya janye. Aka nuna masa wuta tana lashe ƙasa, ya sake roƙo, aka sake janyewa.

Wahayi na uku shi ne yake hana ni barci. Ubangiji yana tsaye jikin bango, riƙe da igiyar nan ta magina, wadda ake ɗaura wa ƙarfe a sake ta don a ga ko gini ya miƙe. A nan Amos bai buɗe baki ya roƙa ba. To me zai ce? Igiyar magini ba ta san ɗan sarki ba, ba ta karɓar na goro. Bango ya karkace, kuma kowa ya san abin da ake yi wa bangon da ya karkace. Daga baya aka nuna masa kwandon nunannun 'ya'yan itace. A Ibrananci, kalmar 'ya'yan itacen rani da kalmar ƙarshe kusan lafazinsu ɗaya. Abin da ya nuna ya gama zama a reshe ke nan.

Ina bangon ya karkace? A kasuwa da wurin shari'a. 'Yan kasuwa suna ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu, su murɗe sikeli, su haɗa alkama da ƙaiƙayi. Ana sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi. Rigar da talaka ya jinginar, a kanta suke kishingiɗa kusa da bagade. Mu da muke ganin ana buga gindin mudu ana algus, ba mu buƙatar tafinta.

Amaziya, firist na Betel, ya kai ƙarar Amos wurin sarki, ya kuma ce wa Amos ya koma ƙasarsa Yahuza ya nemi abincinsa a can. Ƙarshen da aka nuna wa Amos kuwa ya zo: a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, Assuriyawa suka ci Samariya, babban birnin Isra'ila, suka kwashe mutanenta.

Amma tun a sura ta 5 an buɗe musu ƙofa. An kira su su nemi Ubangiji domin su rayu, su rabu da mugunta, su mayar da gaskiya ƙofar gari inda dattawa ke yanke hukunci. Tuban da aka nema a wurinsu, bazawara mai sayen hatsi ce za ta fara ganinsa a cikin ƙwaryarta.

Ɗan'uwana mai sauraro, kafin kasuwar gobe ta ci, ɗauko mudunka ka duba gindinsa. Wanda ka tauye, nemo shi ka cika masa.