Kafin ka yi alfahari da zanen 3D ɗinka, ina datum ɗinka?

Duk wanda ya taɓa sayen rigar waya ya ga ramin kyamara ya ɗan kauce, ko maɓallin ƙara ya ƙi dannuwa, ya riga ya ɗanɗana abin da zan yi magana a kai. Wayar lafiyarta ƙalau, robar ma ba laifi. Sau da yawa matsalar tun daga kan zane take: ba a faɗa wa mai ƙera kayan daga ina zai fara awo ba, kuma kuskure nawa aka yarda da shi.

Matasa da yawa sun shiga koyon SolidWorks da Fusion 360 da FreeCAD, har Onshape da ke buɗewa a waya. Abin farin ciki ne. Amma akasarin abin da ake ɗorawa a Facebook da TikTok siffa ce mai sheƙi tana juyawa a allo. A ganina wannan rabin aiki ne. A cikin kwamfuta kowane layi miƙaƙƙe ne, kowane rami zagaye yake cif. Injin da zai yanka ƙarfe ko ya zuba roba bai san wannan kamala ba.

Nan ne datum yake shigowa, wato madogarar awo. Kana zaɓar wata fuska ta kayan ka sa mata harafin A, wata B, wata C. Abu a sarari yana iya motsi ta hanya 6: zamewa 3 da juyawa 3. Idan fuskokin shimfiɗaɗɗu ne, A tana zama a kan aƙalla ɗigo 3, B ta jingina da 2, C ta taɓa 1, sai kayan ya tsaya cak. Tsarin haruffan ma da ma'ana, awon da aka fara da A ba ɗaya yake da wanda aka fara da B ba.

Ga inda ake yawan tuntuɓe. Datum ɗin kansa cikakke ne, a lissafi kawai yake. Fuskar da ka manna wa harafin kuwa ta gaske ce, tana da tudu da kwari. Don haka ita ma sai an sa mata iyaka. Fuskar A tana buƙatar ƙa'idar shimfiɗuwa, misali milimita 0.05, kusan rabin kaurin takardar firinta, kuma wannan ƙa'ida ba ta jingina da wani datum. Sannan a ce B ta tsaya a kusurwa 90 da A, C kuma da A da B. In ka tsallake wannan, kayan zai riƙa rawa a teburin awo, mutum biyu su auna rami ɗaya su sami amsa biyu. Manhajar kuwa sau da yawa ba za ta hana ka fitar da zanen a haka ba.

Wasu za su ce alamar ƙari da ragi ta wadatar. Mu duba. Idan ka ce tsakiyar rami na iya kaucewa 0.1 ta kowane ɓangare, ka zana murabba'i mai faɗin 0.2. Ramin da ya faɗa ƙuryar murabba'in ya kauce da kusan 0.14 kuma an karɓe shi, amma wanda ya kauce 0.12 kai tsaye dama an jefar da shi, alhali ya fi kusa. Da'irar da ta kewaye wannan murabba'i ta fi shi fili da kashi 57 cikin 100. Kaya masu kyau ke nan da ba za a zubar ba. Ana danganta wannan tunani ga Stanley Parker, wanda ya yi aiki a masana'antar makaman ruwa a Birtaniya wajajen Yaƙin Duniya na Biyu. Yau ƙa'idojin suna cikin ASME Y14.5 na Amurka, bugun 2018, da ISO 1101 da ISO 5459.

Na yarda, mai buga maƙalin makulli da firintar 3D a ɗakinsa ba ya buƙatar duk wannan. Bakin firintar ma galibi milimita 0.4 ne, rubuta 0.01 a zanen wasa ne. Matse awo babu dalili kuma kuɗi yake ci, domin kowane ƙarin daidaito ƙarin lokacin inji ne.

Amma ranar da za ka tura fayil ga wata masana'anta a Shenzhen, ko ga mai injin yankan ƙarfe a Panteka ta Kaduna, ba ka wurin balle ka nuna da yatsa. Zanen ne zai yi magana, shi ne kuma hujjarka idan kaya 500 suka iso ba su shiga ba. A SolidWorks akwai DimXpert, a FreeCAD akwai TechDraw, kuma fayil ɗin STEP AP242 yana iya ɗaukar alamomin tare da siffar. Ka fara da fuskar da kayan zai zauna a kanta idan an haɗa shi, ita ce A ɗinka.